Yaƙin Ciniki Tsakanin Amurka da Sin: Ina Rabon Jigawa?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Dutse ta ratsa Kiyawa zuwa Jahun da Miga a lokacin rani, ba zai rasa lura da wani abu da ba a saba gani ba a 'yan shekarun baya. A bakin gonakin fadama, inda a da ba a jin kome sai ƙarar injin ban-ruwa mai shan fetur, yanzu akan tarar da farantan sola biyu ko huɗu an jingine su suna fuskantar rana, ruwa kuwa yana kwarara cikin fangalin albasa ko na alkama, ba hayaƙi ba hayaniya. A cikin garin Dutse ma haka abin yake. Mai cajin waya, da mai sayar da ruwan sanyi, da mai shagon buga takardu a kusa da sakatariya, kowa ya ɗora faranti a kan rufinsa.

Idan aka tambayi manomi dalilin wannan canji, amsarsa ɗaya ce, watau tsadar mai. Kuma gaskiyarsa. Kafin a janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, farashin lita a hukumance bai kai Naira 200 ba, amma kafin ƙarshen 2024 ya haura Naira 1,000 a wurare da yawa. To, amma wannan rabin labarin ne kawai. A daidai wannan lokaci ne darajar Naira ta zube, daga wajen Naira 460 a kan dala ɗaya zuwa fiye da Naira 1,500 a farkon 2024. Bisa ga al'ada, duk wani kaya da ake shigowa da shi daga waje ya kamata ya fi ƙarfin talaka. Me ya sa farantin sola bai gagari manomin Jahun ba? Amsar wannan tambaya ba a Dutse take ba, ba kuma a Abuja ba. Tana can cikin rikicin ciniki da aka daɗe ana yi tsakanin Amurka da ƙasar Sin.

Asalin rikicin

Tun a shekarar 2012 Amurka ta fara ɗora wa kayan sola na Sin haraji na musamman, bisa zargin cewa gwamnatin Sin tana tallafa wa masana'antunta su karya farashi. A farkon 2018 Shugaba Donald Trump ya ƙara harajin kashi 30 cikin 100 a kan farantan da ake shiga da su Amurka, sa'an nan a watan Yuli na wannan shekara ya sa kashi 25 cikin 100 a kan wasu kayayyakin Sin na dala miliyan dubu 34. Sin ta rama. Daga nan faɗan ya tashi daga kan kuɗin fito ya koma kan ilmin ƙere-ƙere kansa. A watan Mayu na 2019 aka hana kamfanonin Amurka yin hulɗa da kamfanin Huawei sai da izini, abin da ya raba sababbin wayoyinsa da manhajojin Google. A watan Oktoba na 2022 gwamnatin Shugaba Joe Biden ta hana sayar wa Sin mafi ingancin ƙwaƙwalwar na'ura, watau 'yan ƙananan ƙwayoyin silikon ɗin nan da su ne ruhin kowace waya da kwamfuta, haɗe da injunan da ake ƙera su da su, ta kuma jawo Holan da Japan suka bi sahu. Watanni biyu kafin haka ta ware wajen dala miliyan dubu 52 don a dawo da ƙera irin waɗannan ƙwayoyi a cikin Amurka.

Ita ma Sin tana da nata makamin. Ita ce ke tace wajen kashi 90 cikin 100 na wasu ma'adinai da ake ƙera injunan lantarki na zamani da yawa da su. A 2023 ta taƙaita fitar da galiyom da jamaniyom, a watan Afrilu na 2025 kuma ta ƙara da wasu ma'adinai bakwai. A cikin wannan wata ne harajin da Amurka ta ɗora wa kayan Sin ya kai kashi 145 cikin 100, na Sin a kan kayan Amurka kuma ya kai 125. Aka zauna a Janiba a watan Mayu aka sassauta, shugabannin biyu kuma suka sadu a Busan ta Koriya ta Kudu a ƙarshen Oktoba suka yi sulhun shekara guda. Ba lallai ne mai karatu ya haddace waɗannan alƙaluma ba, domin wasu ba su yi wata biyu ba aka canza su. Abin da bai canza ba, ko da an sake gwamnati a Washington, shi ne niyyar kowane ɓangare ta rage dogaro da ɗan'uwansa.

Yadda ambaliyar ta iso fadama

A nan ne labarin ya shafi Jigawa. Ƙasar Sin ita ce ke da fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙarfin ƙera kayan sola na duniya, tun daga tace silikon har zuwa haɗa faranti. Ta gina masana'antu da yawa ƙwarai, har abin da za a iya ƙerawa a shekara ya ninka abin da duniya ke buƙata. Da Amurka ta rufe ƙofarta, sai kamfanonin Sin suka kakkafa rassa a Biyetnam da Tailan da Malesiya da Kambodiya suna aikawa daga can. Amurka ta bi su, a watan Afrilu na 2025 ta yanka wa kayan waɗannan ƙasashe huɗu haraji mai tsanani, wanda a kan wasu kamfanonin Kambodiya ya zarce kashi 3,500 cikin 100. Indiya ma ta sa nata shingen don kare masana'antunta.

Ruwan da aka tare ta gaba dole ya nemi mafita ta gefe. Farashin faranti ya faɗi da wajen rabi a cikin shekarar 2023 kaɗai, a 2024 kuma ya sauko wajen santi 10 na dala a kan kowane wat, har manyan kamfanonin Sin suka riƙa sayarwa da hasara. Wata cibiyar bincike ta Ingila mai suna Ember ta ƙididdige cewa a cikin watanni goma sha biyu zuwa Yunin 2025, ƙasashen Afirka sun shigo da farantan Sin masu ƙarfin megawat 15,000 da 'yan kai, ƙarin kashi 60 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabata. Nijeriya ce ta biyu bayan Afirka ta Kudu, da wajen megawat 1,700. Don a gane girman wannan adadi, sai a tuna cewa wutar da babban layin ƙasa ke rarrabawa ga Nijeriya baki ɗaya ta daɗe tana kai da kawowa tsakanin megawat 4,000 da 5,000.

Akwai wani abin dubawa a tarihin Dutse kanta. A watan Yuli na 2016 kamfanin Gwamnatin Tarayya mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu da kamfanoni 14 a kan gina tashoshin sola masu ƙarfin fiye da megawat 1,000. Ɗaya daga cikinsu, mai megawat 80, a Dutse aka tsara gina ta, kuma a watan Disamba na wannan shekara kamfanin Scatec Solar na ƙasar Nowe da asusun Norfund da na Africa50 suka shiga cikin aikin. Aka yi ta jayayya a kan farashin wutar, wanda aka fara tsayarwa a santi 11.5 na dala a kan kowane kilowat na awa guda, da kuma batun lamunin gwamnati, har shekaru suka shuɗe ba a kafa ko faranti ɗaya ba. Tun kafin wannan ma, a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, an yi gwajin sa wa wasu ƙauyukan jihar wutar sola da taimakon wata ƙungiya ta Amurka, a lokacin da kayan suke da ɗan karen tsada. Abin da babbar yarjejeniya ta kasa kawowa, da abin da gwajin agaji bai iya yaɗawa ba, sai ga shi faɗuwar farashi ta kawo shi a bayan a-kori-kura daga kasuwannin Kano, faranti bibbiyu, da kuɗin aljihun manomi da ɗan tireda.

To, sai dai wajibi ne a fahimci irin wannan araha. Ba kyauta ba ce, ba kuma alamar ƙauna ba ce. Kaya ne suka yi kwantai a hannun mai su, yana neman inda zai sauke. Ita kanta gwamnatin Sin ba ta jin daɗin hasarar da kamfanoninta ke yi. Daga ran 1 ga Disamba, 2024 ta rage rangwamen harajin da take mayar wa masu fitar da kayan sola daga kashi 13 zuwa kashi 9 cikin 100. A tsakiyar 2025 ta fito fili tana tsawata wa masana'antu a kan gasar karya farashi, sa'an nan a watan Janairu na 2026 ta ba da sanarwar soke rangwamen baki ɗaya daga watan Afrilu. Duk wanda ke tsara kasafin kuɗin ban-ruwa ko na wutar asibitocin karkara bisa zaton cewa farashin 2024 zai dawwama, ya gina rumbunsa a kan tururuwa.

Wayar hannu da abin da ke cikinta

Lamarin waya ya sha bamban, kuma ya fi nuna inda haɗarin yake. Mafi yawan wayoyin da ke hannun ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha, Tecno ne ko Itel ko Infinix. Duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen, wanda ke riƙe da wajen rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka. Kamfanin ba ya sayar da kome a Amurka da za a ce harajinta ya taɓa shi kai tsaye. Amma idan mai gyara ya buɗe bayan wayar, zai tarar da duniya ce a dunƙule. Ƙwaƙwalwar da yawa daga cikinsu ta kamfanin MediaTek ce na Taiwan, tsibirin da Sin ke cewa nata ne, Amurka kuma ke sayar masa da makamai. Manhajar da ke tafiyar da wayar, Android, ta Google ce ta Amurka. Ma'adanar bayanai kuwa kamfanoni uku ne suka mamaye kasuwarta, biyu na Koriya ta Kudu, ɗaya na Amurka. Abin da ya sami Huawei a 2019 ya nuna cewa sa hannu ɗaya a Washington ya isa ya raba waya da rabin amfaninta.

Tun daga ƙarshen 2025 farashin ma'adanar bayanai ya yi tashin gwauron zabi, saboda masu ƙera ta sun karkata ga manyan cibiyoyin kwamfuta na ƙirƙirarriyar basira, fagen da ƙasashen biyu ke tsere a kai. Waya mai tsada tana iya shanye irin wannan ƙari ba a ji ba. Waya mai araha, wadda ribarta ba ta taka kara ta karya ba, ita ce ke fara tashi. Ga shi kuwa waya ta daina zama kayan ado. Da ita ake karɓar kuɗi a kasuwar Shuwarin, da ita dillalin riɗi ke jin farashin Dawanau kafin ya yi ciniki a Gujungu, da ita ɗalibi ke rajistar jarrabawa. Watau rikici guda ya sauko da farashin wani kaya, tseren da ke tattare da shi kuma ya ɗaga na wani, duk ba tare da an nemi shawarar mai saye ba.

Har ila yau, akwai batun turakun sadarwa da wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Kamfanonin waya na ƙasar nan sun dogara ƙwarai da kayan Huawei da ZTE, kuma a 2018 Nijeriya ta ƙulla rancen dala miliyan 328 da bankin Exim na Sin don kashi na biyu na shimfiɗa hanyar sadarwar gwamnati a ƙarƙashin Galaxy Backbone. Idan duniyar fasaha ta rabe gida biyu, kowane gida da nasa ma'auni da nasa manhaja, ƙasar da turakunta na Sin ne, manhajojin ofisoshinta kuma na Amurka, za ta sami kanta tana biyan kuɗi sau biyu don a haɗa mata abin da ba ya haɗuwa.

Mafarkin masana'anta

Sau da yawa akan ji ana cewa wannan rikici dama ce ga Afirka, domin masana'antun da ke barin Sin za su nemi sabon masauki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kamfanin Apple ya mai da wani sashe na haɗa iPhone zuwa Indiya. TSMC na Taiwan ya gina masana'anta a jihar Arizona ta Amurka. A nahiyar nan ma, wani kamfanin Japan mai suna Toyo ya buɗe masana'antar ƙwayoyin sola a Hawassa ta Habasha a 2025, kamfanonin Sin suna kafa nasu a yankin mashigin Suwez na Masar, kamfanin Gotion kuma ya sa hannu da Maroko a 2024 a kan gina babbar masana'antar batir a Kenitra.

Amma a dubi abin da ya kai su can. Maroko tana da yarjejeniyar ciniki ba haraji da Amurka da Tarayyar Turai, ga tashar jiragen ruwa a bakin Turai. Masar tana kan hanyar jiragen ruwan duniya. Habasha tana da wutar madatsun ruwa mai araha. Mai masana'antar da ya gudu daga haraji ba kasuwar talakawa yake nema ba, ƙofar baya yake nema ta shiga Amurka ko Turai. Nijeriya kuwa ita ma an yanka mata harajin kashi 14 cikin 100 a watan Afrilu na 2025, aka mai da shi 15 a watan Agusta, ga kuma shirin AGOA na shigar da kayan Afirka Amurka ba haraji, wanda wa'adinsa ya cika ran 30 ga Satumba, 2025 aka bar masu masana'antu cikin zullumi. Dutse tana da nisan fiye da kilomita 1,000 daga tashar jiragen ruwa ta Legas. An buɗe tashar sauke kaya ta tudu ta Dala a Kano a farkon 2023, an kuma aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai reshe zuwa Dutse a 2021, kuma duka biyun za su rage wahala. Amma ba su ne za su sa mai ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, wanda ke buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa da tataccen ruwa mai ɗimbin yawa, ya tsallake Biyetnam ya zo Gagarawa ba. Yankin ciniki na musamman na Maigatari ya shekara fiye da ashirin da kafuwa, kuma abin da ya fi tasiri a kansa har yau shi ne ko iyakar Nijar a buɗe take ko a rufe, kamar yadda aka gani daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023.

Wannan ya kawo batun da ya fi kowanne muhimmanci ga manomin Jigawa. A watan Maris na 2025 Ministan Kimiyya da Fasaha na wancan lokaci, Uche Nnaji, ya bayyana cewa Gwamnatin Tarayya tana shirin hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa masu yin su a gida. Niyyar mai kyau ce, kuma ba wanda zai ƙi a ce Nijeriya tana ƙera abinta. Akwai ma masu haɗa faranti a ƙasar nan, kamar masana'antar hukumar NASENI da ke Karshi kusa da Abuja da ta kamfanin Auxano a Legas. To, amma haɗawa suke yi. Ƙwayoyin silikon da ake jerawa a cikin farantin, waɗanda su ne ke mai da hasken rana wuta, daga waje ake sayo su, galibi daga Sin ɗin dai. Kuma abin da suke iya fitarwa a shekara bai kusanci megawat 1,700 da aka shigo da su ba. Idan aka rufe ƙofa kafin a tanadi abin da zai maye gurbi, sakamakon sananne ne: farashi zai tashi, kayan za su riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, manomin Miga kuma ya koma layin gidan mai da jarkarsa.

Dattawan ma'aikata ba sa buƙatar a tuna musu yadda irin wannan ta ƙare a baya. A shekarun 1970 da farkon 1980 an kafa masana'antun haɗa motoci, Peugeot a Kaduna, Fiat a Kano, Steyr a Bauci, ana kawo sassa a akwati ana ɗaurawa a nan. Muddin kuɗin mai na shigowa, Naira kuma tana da ƙarfi, abin ya yi armashi. Da aka karya darajar Naira a 1986, sassan suka yi tsada, sai masana'antun suka shiga tangal-tangal, domin ba a taɓa koyon ƙera abin da ke cikin akwatin ba. Masaƙun Kaduna da Kano kuwa darasinsu ta ɗaya gefen yake. An sha hana shigo da atamfa a takarda, amma rashin wuta da tsadar baƙin mai da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, har babbar masaƙar UNTL ta rufe a 2007, Kantin Kwari ya cika da yadin Sin. Hani shi kaɗai bai ceci masaƙa ba, haɗa sassa shi kaɗai bai haifi masana'anta ba.

Abin da ke hannun jiha

Ba Dutse ce za ta yanke harajin kwastan ba, balle ta sasanta Washington da Beijing. Amma akwai abubuwan da ke hannunta, kuma mafi yawansu a kan teburin ma'aikata suke.

Farantin kirki yakan yi shekara ashirin da biyar yana aiki, amma famfo da inbata da batir ba sa kai ko kusa da haka. Duk wanda ya zaga ƙauyuka ya ga fitilun kan titi da rijiyoyin burtsatse masu sola da suka mutu, ya san ba farantin ne ya lalace ba, wani ɗan ƙaramin abu ne ya ƙone aka rasa mai canza shi. Saboda haka duk kwangilar da ma'aikata za ta bayar ta sayen kayan sola, kamata ya yi ta ƙunshi kayan gyara na shekaru, da horar da masu gyara 'yan asalin yankin, da sharaɗin cewa kayan su kasance irin waɗanda sassan wani kamfani za su iya shiga na wani. Jami'in da ya sa hannu a kan na'urar da kamfani ɗaya tak ke iya gyarawa, ya ɗaure jihar ne a ƙafar rikicin da ba nata ba. Akwai kuma batun algus. Kasuwar da kaya suka yi wa yawa ita ce matattarar rubabbu, kuma manomi ba shi da hanyar gane cewa farantin da aka rubuta wa wat 300 bai kai haka ba sai ya kai shi gona. Wurin gwaji ɗaya a Dutse, ko a jami'a ko a kwalejin fasaha, inda ɗan kasuwa da mai saye za su kai faranti a auna, ba zai ci kuɗin kilomita guda na kwalta ba.

Wani abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ruwan kansa. Tsadar fetur, duk da muninta, ita ce ke sa manomi kashe inji da zarar fangali ya cika. Rana kuwa ba ta aiko da takardar biya. Idan dubban famfuna suka wuni suna zuƙar ruwa daga ƙarƙashin fadamun kwarin Haɗeja ba mai aunawa, ranar da rijiyoyi za su fara ƙafewa a watan Afrilu ba za a ce laifin Sin ko Amurka ba ne.

Ga ɗalibai kuwa, musamman na Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da Jami'ar Fasaha ta Ɓaɓura, da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure wadda aka kafa tun 2001, aikin da ke jiransu ba na tsayawa a layin ɗaura sukurori ba ne a masana'antar da ba ta zo ba. Aikin shi ne lissafin yawan farantin da gonar kadada biyu ke buƙata, da gyaran inbata a matakin allon lantarki maimakon jefar da ita, da ƙera ƙafafun ɗora faranti da akwatunan batir da ƙarfen gida, da gano yadda za a rage hasarar da ƙurar hunturu da zafin bazara ke jawo wa faranti. Waɗannan sassa ne da ba a iya shigo da su a kwantena, kuma daga irinsu ne ƙananan masana'antu na gaskiya ke tsirowa.

Daɗin daɗawa, wuta mai araha ba ta da amfani idan ba a juya ta ta zama abin sayarwa ba. Jigawa tana sahun gaba a noman riɗi da zoɓo, Dutse kuma an san ta da dabino. A watan Yuni na 2025, a birnin Changsha, Sin ta yi alkawarin cire haraji ga kayan ƙasashen Afirka 53, ciki har da Nijeriya, gatan da maƙwabciya Nijar ta riga ta samu a matsayinta na ƙasa mai ƙaramin ƙarfi. Wannan ma ɗaya ne daga cikin 'ya'yan rikicin, domin Sin tana neman abokai a daidai lokacin da Amurka ke ɗaga shinge. Amma cire haraji ba ya cire sharaɗin tsabta. Masu zoɓo ba su manta da shekarun da Meziko, babbar mai sayensa, ta dakatar da karɓar na Nijeriya a ƙarshen shekarun 2010 saboda ƙwari ba, buhuna suka yi ta jibge a rumbuna. Injin tankaɗe da na busarwa da ɗakin ajiya mai tsabta, waɗanda duk sola za ta iya tafiyar da su a Shuwarin ko Sara ko Maigatari, su ne za su bambanta mai sayar da riɗi da tsakuwa a farashin dillali da mai aika tataccen kaya da sunansa a jikin buhu.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, abin da babu shi a 2016 lokacin da tashar Dutse ta maƙale a ofisoshin Abuja. Tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso ta Kano a watan Janairu na 2023 ta nuna cewa ƙaramin aiki da aka gama ya fi babba da ke cikin fayil. Ƙananan tashoshi a gefen kasuwanni da asibitoci da rukunin gonakin rani, waɗanda za a saya wa kaya tun farashi bai gama juyawa ba, suna cikin abin da kasafin jiha da na ƙananan hukumomi 27 zai iya ɗauka. Sulhun da aka ƙulla a Busan na shekara guda ne, rangwamen da Sin ta saba bai wa masu fitar da faranti kuma an yanka masa ranar ƙarewa a watan Afrilu na 2026.